Masu Kwance Raga a Bakin Fadama

Shekarata huɗu ina zuwa Guangzhou sarin kayan yara lokacin da abin ya faru. Nakan sauka a unguwar Dengfeng, a wani ɗaki da muke zama ni da wata Hajiya 'yar Maraɗi da ta girme ni sosai, ita takalma da jakunkuna take saye. Da safe mukan sha shayi tare, sannan kowa ta kama gabanta. Ni sai in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, in sauka kusa da babbar tasha, in taka zuwa kasuwar tufafi ta Baima, in hau hawa na uku inda shagon wata mata yake.

Matar ba za ta wuce sa'ata ba. Gajeriya ce siririya, mai saurin tafiya da saurin magana. Turancinta irin nawa ne, na kasuwa. Inda ya ƙare mana sai mu koma ga waya ta fassara, inda wayar ta rikice sai mu koma ga hannu. Abin da na fi saninta da shi shi ne ba ta rufe shago. A tsaye take cin abinci, kwano a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana nuna wa mai saye kaya. Na taɓa samunta da zazzaɓi, ta naɗe wuya da mayafi, amma tana nan a bakin ƙofa.

Ran nan cikin watan Oktoba, lokacin da baƙi suka cika gari har mutum ba ya samun wurin tsayawa a lif, na je duba samfurin wasu riguna na tarar da ƙofar ƙarfe a sauke. Na tsaya ina kallon kwaɗon. Maƙwabcinta mai sayar da wanduna ya leƙo ya ce, "Laoban meyo," wato mai shago ba ta nan. Na tambaye shi ko lafiya. Sai ya ɗaga hannayensa biyu ya kaɗa su kamar fukafukai, ya yi dariya, ya koma ciki. Na ɗauka yana nufin ta hau jirgin sama ta yi tafiya.

Washegari na same ta a shago. Rana ta ƙona mata fuska, bayan hannayenta duk karce kamar wadda ta shiga cikin ƙaya. Da na tambaye ta inda ta je, sai ta jawo mini kujera, abin da ba ta saba yi ba, ta buɗe waya ta nuna mini hoton wani ɗan tsuntsu a tafin hannunta. Bai fi gwara girma ba. Bayansa ruwan ƙasa ne mai zane-zane, ƙirjinsa kuwa rawaya kamar garin ɗorawa.

Ta ce su suna kiransa tsuntsun shinkafa, domin lokacin da shinkafar ƙarshen shekara ke nuna yake isowa. Daga can arewa mai nisa yake tasowa, ƙasashen da sanyi ke korar komai, ya biyo ta nan ya huta, ya ci ya yi ƙiba, sannan ya wuce kudu. Mutanen yankin sun daɗe suna cinsa, suna ganin yana ƙara ƙarfin jiki. Aka yi ta ci har ya kusa ƙarewa a duniya baki ɗaya. Hukuma ta hana kama shi, amma har yanzu akwai masu kafa raga a ɓoye, domin akwai masu saye a ɓoye. Ita da wasu mutane, ba wanda ya ɗauke su aiki, suke bin fadamu a wannan lokaci na shekara suna neman ragar, su kwance abin da ke da rai, su kira jami'ai su zo su kwashe.

Ban iya riƙe dariyata ba. Ni 'yar Kura ce, cikin gonakin shinkafa na tashi. Hutun makarantarmu duk a korar janbaki yake ƙarewa, muna jan igiya mai gwangwanaye, muna ihu har murya ta dushe. In kuwa aka kawo su soyayyu a tire ranar kasuwa, da yaji muke ci, har ƙashin. Na gaya mata haka. Na ce a wurinmu wanda ya ceci tsuntsun da ke cin shinkafa, manoma ba za su gode masa ba.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Haka babana ya yi ta faɗa shekara da shekaru. Shi ne ma yake kama su."

Muna cikin magana na ɗauko samfurin rigar da na zo dubawa. Zaren keken ɗinki ya cukurkuɗe a bakin leshin wuyan, ya yi wani dunƙule. Ni kuwa kafin in fara fatauci ɗinkin hula nake yi, tun ina yarinya, saboda haka hannuna ba ya iya ganin zare a harɗe ya bar shi. Ina sauraronta ina bi da farce, ina sassauta nan, ina zaro can, har ya warware ba tare da na tsinka ko ɗaya ba. Da na ɗago sai na ga ta daina magana, hannuna take kallo. Ta ce ran Lahadi za su koma, in zo. Na ce ni ban san komai ba game da tsuntsaye. Ta ce ba sani suke nema ba, masu sani sun ishe su, yatsu ne suka yi musu kaɗan.

Da na koma masauki na ba Hajiya labari. Ta ajiye cokali ta dube ni, ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi za ki yi cikin daji da mutanen da ba ki san harshensu ba?" Na ce ni ma ban sani ba, amma ina son in ga abin da zai sa waccan matar ta rufe shago. Ta yi ta faɗa, daga baya kuma ita ce ta dafa mini ƙwai, ta zuba mini dabino a leda, ta ba ni aron takalmin roba daga cikin samfuran da ta karɓo.

Bayan sallar asuba na fito. Matar tana jirana a bakin titi cikin wata ƙaramar mota mai ɗaukar kaya, a gaba kuwa wani tsoho ne zaune, hular kaba a kan gwiwarsa. Shi ne mahaifinta. Baƙar rana ta dafa shi, fuskarsa duk tamoji, hannayensa manya kamar ba na jikinsa ba. Na gaishe shi da 'yar gaisuwarsu da na iya, ya gyaɗa kai. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci, wayar ma ba ta gane maganarsa, domin harshen ƙauye yake yi. Na fara kiransa Baba tun a motar, 'yar ta gaya masa cewa haka muke kiran dattijo, ya ce ai su ma kusan haka suke faɗa.

Mun yi tafiya kudu har dogayen benaye suka fara raguwa, sai gonakin ayaba da rake da tafkunan kifi. A bakin wata gada muka tarar da mutum huɗu suna jira, maza biyu mata biyu, kowa da jaka a baya da takalmin ruwa. Aka ce mini ɗaya malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ɗaya direban bas ne da ya ba da ranar hutunsa. Sauran ban riƙe aikinsu ba. Ba wanda ya yi mamakin ganina da hijabi, sai malamar da ta nuna mini in ɗaure gefensa a ƙugu saboda laka.

Baba ne a gaba. Yana tafiya a kan kunyar gona kamar kan kwalta, mu muna tangaɗi a bayansa. Lokaci-lokaci sai ya tsaya, ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya duba inda ciyawa ta kwanta, ya duba sawun ƙafa a laka, ya ɗauki guntun sigari ya shaƙa ya yar. Can muka shiga wata fadama mai dogayen ciyayi irin kacala, sun fi mutum tsawo. Ni kukan tsuntsaye kawai nake ji ko'ina, amma shi sai ya karkata kai ya yi wa 'yarsa magana. Ta ce mini wannan kukan ba na tsuntsu ba ne, domin tsuntsu yakan gaji ya huta, wannan kuwa yana maimaita kansa ba sauyi. Muka bi sautin. A gindin wata gora muka tarar da 'yar lasifika mai batir an ɗaure ta cikin leda, tana ta kiran 'yan uwanta da ba nata ba.

Ragar ban gan ta ba sai da na kusa shiga cikinta. An kafa gorori dogaye a jere, an ja ta tsakaninsu, siririya kamar gashin kai, ta yi tsawon da ban ga ƙarshenta ba. Tsuntsayen kamar a iska suke rataye. Wasu sun daɗe da mutuwa, sun bushe, iska tana juya su. Wasu suna numfashi baki a buɗe. Ba tsuntsun shinkafa kaɗai ba ne, har da wasu iri-iri, da wata ƙaramar mujiya da ta ƙura mana ido. Na ga an yanka kaji da raguna tun ina ƙarama, abin bai taɓa damuna ba, amma wannan daban ne. Babu wuƙa, babu bisimilla, rataya ce kawai a rana har rai ya fita.

Ba wanda ya tsaya jimami. Direban ya ɗauki hotuna, ya kira jami'an gandun daji ya gaya musu inda muke. Malamar ta buɗe jaka ta raba mana ƙananan almakashi da jakunkunan yadi masu zariya. Baba ya kama hannuna na hagu ya buɗe shi, ya nuna mini yadda ake riƙo: wuyan tsuntsun tsakanin yatsu biyu, jikinsa cikin tafin hannu, kada a matse ƙirji domin da shi yake numfashi. Sannan ya nuna mini cewa sai na fara gano ta gefen da ya shiga, in fara da ƙafafu, sai fukafuki ɗaya, sai kai, sai ɗaya fukafukin. 'Yar ta ce kada in yi saurin sa almakashi, domin in guntun zare ya rage a ƙarƙashin fiffike zai yi ta cin naman har ya kashe shi bayan ya tafi.

Na farko da na kama, zuciyarsa tana bugawa a tafina da sauri kamar keken ɗinki. Ba shi da nauyin komai. Zaren ya naɗe masa ƙafa sau uku, ya ratsa harshensa, domin ya yi ta cizon ragar. Nan da nan hannuna ya tuna aikinsa. Na bi da farce, na sassauta, na zaro, na ciro tsinken da na maƙale hijabina da shi na zare zaren daga harshen. Da na gama Baba ya karɓa, ya hura gashin ƙirjin ya duba, ya buɗe fukafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga masa ruwa a gefen baki da murfin gora. Sai ya mayar mini da shi, ya nuna in juya baya ga ragar in buɗe hannu a ƙasa-ƙasa. Na buɗe. Ya tsaya a kan yatsana kamar bai yarda ba, ya yi mini kashi a hannu, sannan ya tashi ya faɗa cikin ciyawa. Baba ya yi dariya har na ga haƙoransa uku da suka rage.

Haka muka yi ta yi har rana ta take. Ban ƙirga nawa na kwance ba. Na dai lura in aka sami wanda ya harɗe sosai sai a kira ni. Waɗanda suka ji rauni a fukafuki ko ƙafa aka sa su a jakunkunan yadi aka rataye a inuwa, za a kai su wani wuri da ake jinyar namun daji. Mujiyar ta kafta wa malamar farce a babban yatsa har jini ya fito, ita kuwa ta naɗe da tsumma ta ci gaba da aiki, tana yi wa mujiyar magana a hankali kamar tana lallashin jika. Biyu sun mutu a hannuna bayan na gama kwance su. Na farkon na tsaya riƙe da shi, ban san abin da zan yi ba. 'Yar Baba ta zo ta karɓa ta ajiye shi cikin layin matattun da ake jerawa saboda jami'ai su gani, ta nuna mini na gaba.

Da azahar ta yi na ce zan yi salla. Ban san yadda ta fassara wa mahaifinta ba, amma sai ga shi ya yanko ganyen ayaba guda biyu manya ya shimfiɗa mini a busasshen wuri, ya koma nesa ya ba ni baya. Da na idar muka zauna cin abinci. 'Yar Baba ta san ba komai nake ci ba, sai ta kawo mini dafaffen dankali da masara, ni kuma na zagaya da dabinon Hajiya. A nan ne ta ba ni labarin uban, shi yana zaune yana tsotsar ƙwallon dabino, yana sa baki in ta manta wani abu.

Tun yana saurayi yake kama tsuntsun shinkafa, wajen nasa uban ya koya. A lokacin in suka sauko da yamma, rana takan dushe kamar hadari ya taso. Da buhu ake kwasa. Da wannan sana'ar ya yi aure, da ita ya sa 'yarsa a makaranta, bai taɓa tunanin abu mai yawa haka zai iya ƙarewa ba. Sai ya zamana kowace shekara sai ya ƙara tsawon raga kafin ya sami abin da ya samu bara. Wata shekara ya kafa raga kwana tara, ya sami guda ɗaya tak. Ya riƙe shi a hannu ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ba mai karatu ba ne, amma ya san in ka kama na ƙarshe babu wanda zai haifi na gaba. Ya sake shi, ya naɗe ragarsa ya kai gida ya cusa a murhu. Shekaru bayan haka, da ya ji akwai 'yan birni da ke yawo a fadama suna neman raga suna ɓata, sai ya ce wa 'yarsa ta kai shi wurinsu, domin duk inda mutum zai iya ɓoye raga a yankin nan, shi ya riga ya taɓa ɓoyewa a wurin.

Na tambaya ko tsofaffin abokan sana'arsa ba su ji haushinsa ba. Ta ce sun ji. Akwai waɗanda suka daina gaishe shi, an taɓa sare masa ayaba a gona, akwai gidan shayin da ya daina zuwa. Shi dai bai taɓa kai ƙarar kowa a kan ayabar ba.

Muna nan zaune sai ga wani mutum a kan babur ya biyo kunyar gona, da buhu a ɗaure a baya. Da ya gan mu ya tsaya, ya sauke ƙafa ɗaya. Ba sai an gaya mini ba, na san mai ragar ne. Magidanci ne, ba zai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba, jikinsa duk laka. Ya fara magana da ƙarfi yana nuna gonar shinkafar da ke gefe. Direban ya miƙe, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na tuna faɗan Hajiya.

Baba bai tashi ba. Ya kira mutumin da wani suna, mutumin ya yi turus. Ashe ɗan abokinsa ne, wanda suka yi shekaru suna kafa raga tare kafin ya rasu. Baba ya matsa ya ba shi wuri a kan ganyen ayaba, ya zuba masa shayi a murfin filas. Da ƙyar ya zauna. 'Yar tana fassara mini a kunne. Mutumin ya ce shinkafarsa yake karewa. Baba ya ce shinkafa ba ta fitowa cikin kacala, kuma bai taɓa ganin mai korar tsuntsu yana kiransa da lasifika ba. Mutumin ya sunkuyar da kai. Ni kuma da karambanina na ce a gaya masa yadda muke yi a garinmu, igiya da gwangwani, ba sai an kashe ba. Da aka fassara sai ya dube ni karo na farko, ya ce su ma suna da wani zare mai ƙyalli da ake ja a gona, ya fi gwangwani aiki. Har Baba sai da ya yi murmushi.

Daga nan Baba ya gaya masa gaskiya, cewa an riga an kira jami'ai, suna hanya, ba kuma zai yi musu ƙarya ba in suka tambaye shi. Ya ce in yana so ya hau babur ya tafi, ba mai riƙe shi. In kuma yana so ya tsaya, akwai sauran masu rai a can ƙarshen ragar, kuma duk cikinmu ba wanda ya kai shi iya kwance su. Mutumin ya shanye shayin. Ya daɗe yana juya murfin a hannunsa. Sai ya tashi ya nufi ƙarshen ragar. Na bi shi da kallo, kuma gaskiya ne, yatsunsa sun fi nawa sauri nesa ba kusa ba.

A haka jami'an suka same shi. Suka yi rubuce-rubuce, suka ɗauki hotuna, suka tuge gororin, suka naɗe ragar da lasifikar, suka tafi da mutumin. Baba ya bi su har wajen motarsu yana magana, hularsa a hannu. Daga baya na ji an hukunta mutumin, amma an sassauta masa saboda abin da aka same shi yana yi.

Na koma Dengfeng da magariba, laka har gwiwa, ƙaiƙayi a duk hannuna. Hajiya ta ɗora mini ruwan zafi, ta zauna tana tambayata ɗaya bayan ɗaya, har da girman mujiyar.

Tun daga wannan shekarar na riƙa daidaita tafiyata ta faɗo a kan lokacin wucewar tsuntsayen. Sau uku na sake fita da su. Na ga wasu abubuwan da ban gani ba a ranar farko. Na ga malamar tana shiga makarantun ƙauye da hotuna tana nuna wa yara. Na ga 'yar Baba tana bin gidajen abinci na bayan gari, ta zauna kamar mai saye, ta tambayi abin da ba a rubuta a takardar abinci ba, in aka ce akwai ta fita ta yi waya. Na je wurin jinyar sau ɗaya, na ga wata ma'aikaciya tana ɗaure wa wani tsuntsu karayar ƙafa da abin da bai fi tsinken sakace ba, ta ce kwana goma za ta yi tana ba shi abinci a baki. Ba wanda ya taɓa ce mini suna da tabbacin za su yi nasara. Aikin dai suke yi, ran Litinin kowa ya koma bakin sana'arsa.

Sai annoba ta zo ta rufe hanya, na yi shekaru ban taka ƙasar ba. Mukan gaisa da 'yar Baba ta waya, ta turo mini hoto, in turo mata na yarana. Da aka buɗe hanya na dawo, kuma ran Lahadin farko na shiga motar.

Baba ya tsufa ƙwarai. Gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya shiga laka. Aka ajiye masa kujerar roba a kan gada, aka ba shi laima. Wanda ya shige gaba ranar, yana ɗaga hannu muna tsayawa, shi ne mutumin nan mai babur. Ya gane ni, ya kwaikwayi jan igiya da hannu, muka yi dariya. 'Yar Baba ta ce shekara biyu ke nan yana fita da su, kuma shi ma yanzu akwai gidajen da ba a amsa masa gaisuwa.

Mun yi yawo tun safe har la'asar. Raga ɗaya muka samu, tsohuwa, ta yage, ba kowa a cikinta sai busassun ganye. Na ɗan ji kamar an ɓata mini rana, almakashina ko fita daga jaka bai yi ba, amma su sai murna suke, direban har yana waƙa.

Da muka dawo gada Baba ya ce kada a tashi mota tukuna. Muka zauna a gefensa. Rana ta yi sanyi, manoma suna komawa gida a kan kekuna. Can sai ya ɗaga sandarsa ya nuna gabas. Wani ɗan garken tsuntsun shinkafa ne, ba su da yawa, za a iya rufe su da zani ɗaya. Suka zagaya fadamar sau biyu, hasken yamma ya bugi ƙirjinsu, sannan suka zube cikin ciyawar a hankali, kaɗan-kaɗan. Baba yana motsa leɓe yana ƙirgawa. Da ya gama ya faɗa wa malamar, ta rubuta a littafinta.

Na tambayi 'yarsa ko sun fi na bara. Ta tambaye shi. Ya ce, "Da kaɗan."

Ya miƙa wa mai babur hannu, shi kuma ya durƙusa ya goya shi a baya har cikin mota, ni na ɗauko kujerar da laimar na bi su.